Askin dogonyaron gidanmu

Hutun da ya wuce, ko jakata ban ajiye ba Baffa ya tare ni a zaure. "Kai da ka yi boko, hwaɗa ma uwarka gaskiya. Wanga icce ya isa sara." Dogonyaron tsakar gidanmu a Gummi yake nufi, wanda marigayi Baba ya dasa shekarar da aka haife ni. Shekara 22 ke nan.

Kuma Baffa yana da hujja. Wani babban reshe ya haye rufin ɗakin Inna, a daminar bara ya yi ta gogar kwano har ya huda shi. Kowa ya san irin iskar da ke zuwa gaban ruwan farko. Ga kuma maganar kuɗi: tun da dazukan da ke tsakanin Anka da Bukkuyum suka zama wurin da mai gatari ba ya shiga da kwanciyar rai, itacen girki ya yi tsada, har wani mai gidan burodi ya yi wa bishiyar kuɗi tana tsaye.

Inna ba ta ce uffan ba. Ta dai ci gaba da tsince shinkafa a gindinta, inda take shimfiɗa tabarma tun ina rarrafe. Wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Gummi ya san darajar wannan inuwa, domin dogonyaro yana riƙe ganyensa lokacin da sauran itatuwa suka zama ƙarare.

Sai na ce a yi mata aski kawai. Baffa ya yi dariya, amma ya bar ni.

Na ɗauko wani saurayi gwanin hawa, na aro zarto wurin kafinta da igiyar rijiya. Nan muka fara saɓawa. Shi ya saba ya hau ya dinga sara da gatari daga sama har reshe ya karye don kansa. Matsalar ita ce reshe mai nauyi idan ya karye haka yakan yage ɓawo ya sauko da shi jikin bishiyar, daga nan ruɓa da gara su sami ƙofa. Abin da na koya a darasin noma shi ne yanka uku. Na farko daga ƙasan reshen, kamar taku ɗaya daga jikin bishiya, a shiga kashi ɗaya cikin uku a tsaya. Na biyu daga sama, gaba kaɗan da na farko, har reshen ya rabu. Na uku a cire guntun da ya rage, amma a bar kumburin nan da ke gindin reshe, don da shi bishiya ke rufe ciwonta. Ya ce, "Malam, wanga aiki na likita ne." Na ce eh, kuɗin ma na ƙara.

To, boko bai hana ni kunya ba. Reshen farko ni na zaɓi inda za a ɗaura igiya, na ɗaura kusa da gindi. Yana rabuwa kansa ya rinjaya, ya yi lilo ya daki randar Inna, ta tarwatse. Baffa yana tsaye. Har yau ban manta kallon da ya yi mini ba.

Sauran muka ɗaura a tsakiya, muka sauke a hankali. Rassa huɗu kawai muka cire, da busassu. Saurayin ya so mu yi mata ƙwal-ƙwal yadda ake yi wa na bakin titi, na ƙi. Ba a son a raba bishiya da fiye da rubu'in ganyenta a lokaci ɗaya, kuma tohon da ke fitowa bayan irin wannan sara ba shi da ƙwari, shi iska ke fara ɓallewa. Baƙin mai da ya ce a shafa a wurin yankan ma na hana.

Itacen Baffa ya kwashe, ban yi musu ba. Randa na biya daga kuɗin da na ware na buga aikin kammala karatuna, abin da ya sa har yanzu nake bin abokan ɗakina da rance.

Jiya na kira gida. Inna ta ce inuwar la'asar ta matsa wajen turken awaki, can ta mayar da tabarma, kuma toho ya fara fitowa kusa da inda muka yanka, sai na zo na rage shi kafin ruwa ya sauka. Ta ƙara da cewa mai burodin ya sake zuwa wurin Baffa ranar Juma'a.