Keken Kawu da hanyar Isa

A zauren gidan kawuna a Sabon Birni akwai wani tsohon keke Raleigh da aka rataye a bango. Tayoyinsa sun sace, kacarsa ta yi tsatsa, amma ba yaron da ya isa ya taɓa shi. A jami'a na ga hotunan Turawa, miji da mata, sun ɗaure tanti da guzuri a keke suna ratsa ƙasashe, suna kiran abin wasanni. Sai na yi dariya, don Kawu da Inna sun riga su, sai dai su sunan da suka ba abin shi ne zumunci.

Inna 'yar Isa ce. Kowace shekara, idan an gama girbin gero, hunturu ya shigo, sukan tafi ganin danginta. Da sallar asuba suke fita. Kawu a kan sirdi, Inna a kariya a kan zanen da ta ninka, gorar fura a cinyarta, ƙuli-ƙuli a ƙulle cikin tsumma. A aljihun Kawu kuwa akwai sholisho da guntun roba na faci, famfo kuma a jikin keken. Ba don ado ba: ƙayar tsidau ba ta ragawa taya, kuma Inna ta ce ba ta tuna tafiyar da suka yi ba faci ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne rairayi. Duk wanda ya san gefen gulbin Bunsuru ya san akwai inda feda ba ta aiki. Nan sukan sauka, Kawu ya tura keke, Inna ta ɗora kaya a ka, su taka da ƙafa ta gefen fadamun albasa. Har yau suna musu kan wanda ke fara gajiya.

"Malam, kai ne fa kake cewa mu tsaya gindin gawo," in ji ta.

"Ni da nake tura ƙarfe?" in ji shi.

Wata shekarar ma, maimakon Isa, sai ya kai ta kufan Alƙalawa, wanda ba shi da nisa da garinmu. Ku 'yan ajin tarihi kun san sunan: babban birnin Gobir ne, inda Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta, wanda mayaƙan jihadi suka ci a 1808, Sarki Yunfa ya mutu a yaƙin. Inna ta ce tudun ƙasa kawai ta gani, ta yi ta mita a kan wahalar banza. Amma ita ce ta fi kowa ba da labarin yanzu.

Hutun da ya wuce na roƙi Kawu ya ba ni keken in gyara, in bi sawunsu ko sau ɗaya. Bai yi faɗa ba. Ya dai tambaye ni ko na manta da Disambar 2021, lokacin da 'yan bindiga suka tare motar matafiya a wannan yanki suka cinna mata wuta da mutane a ciki. Ban manta ba. Babu ɗan Sabon Birni ko Isa da ya manta. Yanzu mai zuwa Isa sai ya tambayi direbobi a tasha ko hanya ta yi kyau, kuma ba ramuka yake nufi ba.

Inna ta shekara uku ba ta ga ƙanwarta ba, sai dai waya, in an samu sabis.

Duk da haka na saya wa keken sabuwar kaca da man juye. Kawu ya karɓa, ya jujjuya kacar a hannunsa, sannan ya ce in ajiye ta a kan taga, kusa da famfo.