Arwad, Tsibirin Masunta da Masassaƙan Jiragen Ruwa

A gaɓar tekun Bahar Rum, daura da birnin Tartus na ƙasar Siriya, akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Arwad. Tsakaninsa da gaɓa kilomita 3 ne kawai, kuma shi kaɗai ne tsibirin da mutane ke zaune a kansa a duk faɗin ƙasar. Tsawonsa bai wuce mita 800 ba, faɗinsa kuwa kimanin mita 500. A ƙidayar shekarar 2004 an sami mutum sama da 4,000 a cikinsa, mafi yawansu Musulmi.

Mai son ziyara yakan shiga ƙaramin jirgin ruwa mai inji daga Tartus, tafiyar kamar minti 20. Tun daga nesa zai hango gidaje a cunkushe har bakin ruwa, da jirage jere a tasha. Idan ya sauka, sai ya shirya tafiya a ƙasa, domin lungunan garin sun yi wa mota ƙunci, wasunsu ma da ƙyar mutum biyu ke gittawa. A bakin tasha akwai gidajen abinci inda ake gasa kifin da aka kamo a ranar, ga masunta zaune suna ɗinke tarunsu kafin fitar dare.

Ƙanƙantar wurin ba ta hana shi suna ba. A zamanin Finikiyawa, dubban shekaru da suka wuce, Arwad birni ne mai sarkinsa da rundunar jiragensa, har yana mulkin wani yanki na gaɓar da ke fuskantarsa. Har yau ana ganin ragowar ganuwarsa a bakin teku, manyan duwatsu da aka ɗora kan juna, waɗansu sun fi mutum tsayi. Masanin nan na Girka, Istirabo, ya bayyana dabarar da mutanen garin ke yi idan yaƙi ya hana su ɗebo ruwa daga gaɓa. Akwai wani marmaro na ruwan daɗi da ke ɓuɓɓugowa a ƙarƙashin teku, sai su kifa masa mazurari na darma, su haɗa shi da bututun fata, ruwan ya hau zuwa cikin jirgi.

Musulmi sun ci tsibirin wajen shekarar 650, lokacin da Mu'awiya ɗan Abu Sufyan ke gwamnan Sham a halifancin Usman, Allah Ya yarda da su. Daga baya ƴan yaƙin Salibiyya suka riƙe shi. Bayan faɗuwar birnin Akka a 1291, nan ne ya zama sansaninsu na ƙarshe a gaɓar Sham, har rundunar Mamalik ta Masar ta ƙwace shi a 1302. Sojojin ruwan Faransa sun mamaye shi a 1915, kuma a zamanin mulkin mallakarsu sun mai da tsohuwar hasumiyar da ke tsakiyar garin kurkuku, inda suka tsare ƴan kishin ƙasa masu neman ƴanci. Siriya ta rabu da wannan mulki a 1946.

Amma abin da ya fi tsayar da baƙo shi ne filin sassaƙar jirage da ke bakin ruwa. Tsibirin ba shi da daji, don haka daga gaɓa ake tsallako da katako. Masassaƙi yakan fara da shimfiɗa dogon gungume wanda shi ne ƙashin bayan jirgin. Daga nan sai a kakkafa masa lanƙwasassun itatuwa dama da hagu, tamkar haƙarƙarin dabba. Sa'an nan a bi su da alluna, a buga ƙusa, a cusa zare a duk wata kafa, a shafe, a yi fenti. Idan haƙarƙari ɗaya ya karkace, jirgin ba zai zauna daidai a kan ruwa ba, alhali rayukan mutane ne zai ɗauka. Wannan ilimi ba a makaranta ake samunsa ba. Yaro yakan fara da miƙa wa mahaifinsa guduma da zarto, a kwana a tashi idonsa ya saba da awo, hannunsa ya saba da gizago.

Sai dai sana'ar tana cikin hali. Jiragen da ake zubawa da roba a masana'anta sun fi saurin haɗawa, sun kuma rage wa na katako kasuwa. Yaƙin da ya ɓarke a Siriya a 2011 bai rushe gidajen Arwad ba, amma ya rage masu yawon buɗe ido, ya jawo tsadar mai da ƙarancin wutar lantarki, masunta da dama suka kasa sayen sabon jirgi. Samari da yawa sun gwammace aiki a manyan jiragen dakon kaya, wanda shi ma tsohuwar sana'ar mutanen garin ce. Iyalan da suka riƙe sassaƙar sun ragu ƙwarai.

Ganuwar dutse tana iya jira shekara dubu kafin a waiwaye ta. Ilimin da ke hannun dattijo kuwa, idan babu ɗa ko almajiri a gefensa, tare da shi ake rufe shi. Don haka duk wanda Allah Ya kai shi Arwad, bayan ya ga hasumiya ya ci kifi, ya daure ya ƙarasa wurin masassaƙa, ya gaishe su, ya tsaya ya kalli aikinsu, domin gani ya kori ji. Allah Ya zaunar da ƙasar Sham lafiya, Ya sa albarka a sana'ar mutanenta.