Takardar da ta rame a hanya

Takardar haihuwar yarinyar ta shekara goma sha tara a cikin adakar kakarta, a wani ƙauye na karkarar Gangara, nannaɗe cikin leda tare da katin rigakafi da tsofaffin rasit na haraji. Gara ba ta ci ta ba, ruwan damina bai taɓa ta ba. Da hannu aka cika ta a shekarar 2006, da biro shuɗi wanda ya fara kodewa, kuma hatimin da ke ƙasanta yana ɗauke da sunan Agye, domin a wancan lokaci Gazawa ba ta zama gunduma mai zaman kanta ba. Sai a 2011 aka cire ta daga Agye. Wannan ɗan bambanci ba ya damun kowa matuƙar ana iya karanta hatimin, a ga shekarar da aka buga shi.

Da yarinyar ta ci jarrabawar bakaloriya, sai kawunta, wanda ya daɗe yana karantarwa a wani kwaleji na Gazawa, ya ɗauki nauyin haɗa mata dosiyen neman gurbin karatu. An ce ta intanet za a tura, kuma kowace takarda kada nauyinta ya wuce mega ɗaya. Ya hau mota ya nufi Agye, ya shiga wani shago a bakin kwalta inda ake fotokopi da cajin waya. Saurayin da ke wurin ya ɗora takardar a kan sikana, hoto ya fito a kwamfuta tas, har da layin ninki da ɗan tabon manja a gefe. Amma aka tura, ta ƙi tafiya.

«Mushe, ta yi nauyi,» in ji saurayin. «Bari in rage mata.»

Ya danna nan, ya danna can, takarda ta koma kilo tamanin, ta wuce kamar iska duk da rezo na ta ɗaukewa. Malamin ya biya, ya yi godiya, ya koma gida da farin ciki. Bayan mako uku amsa ta zo a taƙaice: takarda ba ta karantuwa, kuma bayananta ba su dace da na sauran takardun ba. Sai a lokacin ya buɗe abin da aka tura, ya faɗaɗa shi a fuskar waya. Shidan da ke ƙarshen 2006 ya cushe har ya yi kama da takwas, hatimin kuwa ya zama wani dunƙulen toka, babu mai iya cewa Agye ce a ciki ko wani gari. Abin da gara ta kasa yi cikin shekara goma sha tara, na'ura ta yi shi cikin minti guda.

Ba laifin saurayin ba ne kacokan, domin lissafin da kansa yana da ban tsoro. Sikana ba ta san baƙi ko wasali ba, ɗigo kawai take ƙirgawa. Idan aka saita ta a kan ɗigo 300 a kowane inci, wato santimita biyu da rabi, shafi ɗaya na A4 yakan ba da ɗigo 2480 a faɗi, 3508 a tsaye, jimilla kusan miliyan tara. In da launi aka ɗauka, kowane ɗigo na cin gurbi uku, shafin ya kai wajen mega 26 kafin a taɓa shi. Wanda ya taɓa tsayuwa a kan tudu yana ɗaga waya sama don neman rezo ya san ba a tura irin wannan kaya daga ƙauye. Dole a matse.

Matsewar kuwa iri biyu ce. Akwai wadda ta yi kama da ninke rawani: a naɗe shi ya shiga aljihu, a warware shi ya dawo yadda yake, ko zare ɗaya bai ɓata ba, sai dai ragin da take yi ba shi da yawa. Akwai kuma wadda ta yi kama da aikin mahautan Gidan Rumji. Sukan yanka nama falle-falle, su shanya, ruwansa ya tafi, ya zama kilishi marar nauyi da matafiyi zai kai Yamai a cikin jaka. Kilishi abin marmari ne, amma ko an jiƙa shi kwana bakwai ba zai koma tsoka ba. Tsarin JPEG, wanda aka tsayar a 1992 kuma yawancin hotunanmu ke tafiya a cikinsa, irin na mahautan ne. Yakan yanyanka hoto gida-gida, ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance, ya zubar da ƙananan sauye-sauyen da yake ganin ido ba zai yi kewarsu ba. A hoton biki ko na gonar aya wannan dabara ce mai kyau. A rubutu kuwa, ƙaramin abin nan da aka zubar sau da yawa shi ne maganar kanta.

Malamin ya fi kowa sanin haka, tunda rabin rayuwarsa ya ƙare yana jan layi da jan biro a ƙarƙashin baƙaƙen da ɗalibai suka mance wa ƙugiya. Tsakanin kafa da ƙafa, tsakanin bari da ɓari, tsakanin baki da baƙi, babu komai sai ƴar lanƙwasa wadda ba ta kai ƙwayar gero ba. Faransanci ma yana da nasa ƴan alamomin a bisa wasula, sai dai shi yana da masu kula da shi ko'ina a duniya. Su wa za su lura in ƙugiyar ɗa ta narke?

Har manyan kamfanoni sun taɓa faɗawa wannan rami. A 2013 wani Bajamushe masanin kwamfuta, David Kriesel, ya gano cewa wasu na'urorin Xerox suna canza alƙaluma a takardun da suka ɗauka. Dabarar matsewar da ke cikinsu, mai suna JBIG2, takan ajiye siffar baƙi guda ta riƙa maimaita ta duk inda ta ga mai kama da ita, sai shida ta koma takwas, tsaf, babu dishi-dishi balle mutum ya yi shakka. Ta yarinyar Gangara ma da sauƙi, tunda kowa ya ga ta lalace.

Ranar kasuwa malamin ya koma shagon, wannan karon tare da yarinyar da takardar ta asali. Bai yi faɗa ba. Ya ja kujera ya zauna kusa da saurayin, suka yi ta gwaji kamar masu ciniki. Suka fara da baƙi da fari zalla: nauyi ya faɗi ƙwarai, amma biron da ya kode ya tsittsinke, hatimi ya ɓace. Suka cire launi suka bar toka-toka, wanda ke rage kashi biyu cikin uku tun kafin matsewa, suka sauko da ɗigo zuwa 200, suka datse farin gefe da ba ya ɗauke da komai, sannan suka matse kaɗan, sau ɗaya tak, domin kowace sabuwar matsewa sabon yanka ne a kan tsohon. Takarda ta tsaya ƙasa da mega ɗaya.

«Karanta mini shekarar, ɗiyata,» in ji shi, ya juya mata fuskar kwamfutar.

«2006, Kawu. Ga Agye nan ma a cikin hatimin.»

Ya sa aka zuba masa babban hoton, wanda ba a matse ba, a cikin ƴar kile ta USB, ya ɗaure ta a leda ɗaya da takardar.

A motar komawa ne wani abu ya faɗo masa. Ƙungiyarsu ta malamai masu raya al'adu ta shekara biyu tana tattara tsofaffin wasiƙun ajami daga gidajen malamai, tun daga Cadawa har Tibirin Gobir. Kowa ya samu takarda sai ya ɗauke ta da waya ya tura ta WhatsApp, wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura wa wani, masu takardun kuma su mai da abinsu gafaka. WhatsApp na rage hoto da kansa in ba a tura shi a matsayin takarda ba. A rubutun malamanmu kuwa, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama, kuma ɗigo ne abin da ke fara tafiya. Wasu daga cikin dattawan da suka ba da aron takardun sun riga mu gidan gaskiya, an raba littattafansu tsakanin magada.

Ya ciro waya ya buɗe wasiƙar farko da aka turo daga Tibiri, ya sa yatsu biyu ya faɗaɗa layin sama. Bisimilla ta fito, don ita ko ba ɗigo an san ta. Sunan wanda aka rubuta wa wasiƙar ne ya tsaya yana kallo har mota ta shiga Gazawa.