Ɗinkin Murya

Duk wanda ya nazarci waƙar baka ta hanyar kaset ya san cewa zare ba ya jiran makaɗi. Kaset mai lamba C-60 minti 30 yake ɗauka a kowane gefe, C-90 kuwa minti 45. Idan zare ya ƙare, kafin mai ɗauka ya juya kaset, makaɗi ya yi gaba, 'yan amshi sun karɓa, ɗa ɗaya ko biyu na waƙar sun salwanta. Haka muka gaji waƙoƙi da dama, rabi a wannan gefe, rabi a wancan.

A yau ɗalibanmu a nan Abuja sukan samo waɗannan waƙoƙi gutsure-gutsure a wayoyinsu, wasu daga masu tura waƙa a Kasuwar Wuse. Akwai kuma shafukan intanet da ke haɗa sauti ba tare da an sauke wata manhaja ba. Mutum zai ɗora gutsattsarin, ya jera su, ya latsa, su dawo masa a dunƙule. Wasu ma sukan narkar da ƙarshen wannan cikin farkon wancan, har kunne ya kasa gane mahaɗa.

A nan ne damuwarmu take. Makaɗin baka ba ya maimaita waƙa daidai wa daida; gindi yana nan, amma ɗiya sukan sauya gwargwadon wuri da mahalarta. Alhaji Mamman Shata ya rera Bakandamiya a lokuta daban-daban. Idan ɗalibi ya ɗinke farkon wani rerawa da ƙarshen wani, ya samar da waƙar da Shata bai taɓa yi a zama ɗaya ba, kuma ita za a rubuce, a yi mata sharhi a kundin digiri. Shata ya rasu a 1999, Alhaji Musa Ɗanƙwairo a 1991. Babu mai komawa ya tambaye su.

Saboda haka muke horon ɗalibanmu da su saurari saurin kalangu ko kotso, da muryoyin 'yan amshi, da sunayen da aka ambata, kafin su yarda gutsure biyu na zama ɗaya ne. In sun haɗa, su bar shiru na daƙiƙa uku a mahaɗa, su rubuta inda kowane ya fito. Malamanmu masu nazarin rubutun ajami, idan warƙa ta ɓace, faɗa suke yi ta ɓace. Murya ma amana ce irin wannan.