Hawan Dutsen Musa a Hamadar Sina'i

A ƙasar Masar, can kudancin yankin Sina'i, akwai wani tsauni da Larabawa ke kira Jabalu Musa. Tsayinsa mita 2,285 ne daga doron teku. Mutane da yawa, Musulmi da Kirista, sun ɗauka shi ne dutsen Ɗuri Sina inda Allah ya yi magana da Annabi Musa (AS), ko da yake masana sun saɓa a kan haka, wasunsu suna nuna wasu duwatsun daban. Wannan muhawara na bar wa masu ita. Abin da zan ba mai karatu shi ne labarin yadda ake hawansa, da kuma mutanen da hawan ba ya yiwuwa sai da su.

Na je can ne a watan Disamba na 2019, lokacin da na kai wa yayana ziyara a Alƙahira inda yake karatu a Azhar. Daga Alƙahira zuwa garin Santa Katarina da ke gindin dutsen tafiya ce ta fiye da kilomita 400, ana bi ta ramin Ahmad Hamdi wanda ya ratsa ƙarƙashin mashigin Suwais. Garin kansa yana kan tudu mai kusan mita 1,600, saboda haka abin da ƙafa za ta hau bai wuce mita 700 da 'yan kai ba. A takarda ƙaramin abu ne. Ni da na tashi a Sabon Abekuta, iyakar hawana shi ne dutsen Olumo, wanda bai kai mita 140 ba.

Ba a barin baƙo ya hau shi kaɗai, dole sai da ɗan jagora daga ƙabilar Jabaliyya, wato Larabawan ƙauye mazauna waɗannan duwatsu. Namu wani magidanci ne siriri, da rawani ja da fari, da silifa a ƙafa, alhali mu mun sha kambas da safa biyu-biyu. Mun kama hanya da misalin ƙarfe biyu na dare, kamar yadda aka saba, domin a riski fitowar rana a ƙololuwa.

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce hanyar raƙuma, wadda ake danganta shimfiɗa ta ga Abbas Basha, sarkin da ya mulki Masar daga 1848 zuwa 1854. Doguwa ce, tana ta lanƙwasa kamar maciji domin ta rage wa mutum tsayin hawan. Ita muka bi. A cikin duhu ba abin da kake gani sai da'irar hasken tocilarka da duga-dugan wanda ke gabanka. Lokaci-lokaci sai ka ji ana cewa a kauce, kafin ka waiga sai ga raƙumi ya wuce ta kafaɗarka ba ko motsin kofato, domin tafin raƙumi ba ya ƙara. Idan ka ɗaga kai kuwa, sai ka ga fitilun waɗanda suka riga ka sun yi jere a sama, har ka kasa bambance su da taurari.

Sanyi shi ne abin da ban taɓa jin irinsa ba. Hunturun da muke kuka da shi a gida wasan yara ne. A nan dusar ƙanƙara kan sauka a wasu shekarun. Abin mamakin shi ne kana tafiya gumi na keto maka a baya, da zarar ka tsaya minti biyu gumin ya koma ruwan randa. Shi ya sa ɗan jagoran ba ya son doguwar tsayawa. Da ya ga na fara haki ina jan ƙafa, sai ya dawo kusa da ni ya ce, yayana na fassara: "Ɗan'uwa, rage faɗin takunka. Kada ka dubi sama, dubi inda ƙafata take." Na bi maganarsa, numfashina kuwa ya daidaita.

A bakin hanyar akwai 'yan rumfuna na dutse da katako, inda ake sayar da shayi da ruwa da biskit. Yayana ya yi ƙorafin tsadar shayin. Mai rumfar bai yi musu ba, sai kawai ya nuna masa jarkar ruwan da tukunyar gas, sannan ya nuna ƙasa, can inda fitilun gari suke ƙyalli. Duk abin da ke cikin rumfar nan a bayan raƙumi ko jaki ya zo, inda dabba ta gaza kuma a kafaɗar mutum. Yaya ya biya bai ƙara cewa uffan ba.

Inda dabba ke gazawa shi ne matakala 750 na ƙarshe. A nan hanyar raƙuma ta ƙare, kowa sai ya sauka, mai kuɗi da talaka. Kada mai karatu ya ɗauka irin matakalar bene ce. Duwatsu ne aka jera, wani ya kai gwiwa, wani bai fi taƙi ba, wani ya karkace. Ga iska ta yi ƙaranci, taki goma sai ka tsaya. A nan muka bar wata tsohuwa daga cikin ayarin masu ziyara, ta zauna a kan dutse an lulluɓe ta da bargo tana hawaye. Ta zo daga wata uwa duniya, raƙumi ya kawo ta har nan, amma gwiwa ta ce iyakarta ke nan. Ɗan jagoransu ya zauna tare da ita ya bar sauran suka wuce.

Mun isa sama wajen ƙarfe biyar. Ƙololuwar ba ta da faɗi. Akwai 'yar majami'a da aka gina a 1934 a kan kufan wata tsohuwa, kusa da ita kuma ga ɗan ƙaramin masallaci, inda muka yi sallar asuba. Muka karɓi hayar bargo mai warin hayaƙi da raƙumi, wanda a wannan lokaci ya fi mini kowane turare, muka jingina da bango muna fuskantar gabas.

Da farko wani jan zare ne ya bayyana a gindin sama. Sannan duwatsun suka fara fitowa daga duhu, layi bayan layi, na kusa baƙi, na bayansa shuɗi, na can nesa kamar hayaƙi. Da rana ta ɓullo sai duk suka rikiɗe suka yi ja kamar garwashi. Duk inda ka juya haka ne, ba gari, ba gona, ba itace, sai tsaunuka tsirara da kwazazzabai masu farin yashi suna ratsa su kamar jijiyoyin bayan hannu. Ta kudu maso yamma ga dutsen Katarina, mai mita 2,629, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Masar, yana kallonmu daga sama. Wasu suna waƙoƙin ibada da harsunan da ban sani ba, wasu suna tasbihi, da yawa kuma suna fama da wayoyinsu.

Ga ɗaliban harshe, a nan na fahimci wata kalma tamu. Mu idan an ce hamada, rairayi muke hangowa. Amma kalmar Larabcin da muka aro, asalinta tana nufin daji mai dutse da tsakuwa wanda iska ta share wa yashi. Hamadar da na gani daga wannan ƙololuwa ta fi kusa da ma'anar farko.

Yawancin mutane sukan koma ta hanyar raƙuma. Mu muka sauko ta ɗaya hanyar, wadda ake kira Matakalar Tuba. Idan aka haɗa da 750 ɗin can, matakala 3,750 ne, kuma ana cewa wani ruhubani ne ya jera su domin neman gafara. A ganina wanda bai bi ta nan ba bai ga dutsen ba, fitowar rana kawai ya gani. Za ka fara da wani fili a tsakanin duwatsu da ake dangantawa da Annabi Ilyasu, mai tsohuwar bishiya doguwa guda, sannan ka ratsa ƙofofin dutse biyu, ka shiga wani matsattsen kwazazzabo. Gwiwoyina suna ta rawa. Can sai ga gidan ruhubanawa na Santa Katarina ya bayyana a ƙasa tsakanin ƙafafunka, kamar akwatin ashana.

Sarkin Rumawa Jastiniyan ne ya sa aka gina wannan gida a ƙarni na 6, kuma har yau ana ibada a cikinsa. A cikin ganuwarsa akwai masallaci tun zamanin Faɗimiyyawa. Su Jabaliyya suna cewa kakanninsu mutanen da wannan sarki ya kawo ne domin su tsare gidan su yi masa hidima, daga baya suka musulunta. Ke nan kimanin shekara 1,400 suna wannan aiki na kai baƙo sama da dawo da shi lafiya. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2002.

Wurin da na gani a 2019 ya sauya. Daga 2021 gwamnatin Masar ta shiga wani gagarumin aiki na mayar da Santa Katarina babbar cibiyar yawon buɗe ido, da otal-otal da sababbin tituna da faɗaɗa filin jirgin sama, har da maganar keken igiya mai ɗaukar mutane zuwa sama. Kafofin labarai sun ruwaito cewa an rushe wasu masaukan Jabaliyya, an kuma sa su tone wasu kaburburansu domin a yi wurin ajiye motoci. A watan Mayu na 2025 wata kotu ta yanke cewa filayen gidan ruhubanawan na gwamnati ne, su haƙƙin amfani kawai suke da shi, abin da ya tayar da ƙura tsakanin Masar da Girka.

Ba zan ce keken igiya mugun abu ne ba, domin da akwai shi da tsohuwar nan ta ga abin da ta zo gani. Amma ban yarda a tone kabarin mutum saboda motar baƙo ba, balle mutanen da suka fi kowa daɗewa a wurin. Kuma ranar da aka fara hawa a zaune, mai raƙumi da mai shayi da mai hayar bargo da ɗan jagoranmu mai silifa duk sai sun nemi wata sana'ar.