Idon Sawun da Ba Ya Lanƙwasa

Wanda ya yarda a haɗe masa ƙasusuwan idon sawu ciniki ya yi: ya ba da motsin gaɓa, an biya shi da sauƙin ciwo. Likita kan kankare ragowar guringuntsin da ya cinye, ya haɗa ƙashin ƙwauri da ƙashin da ke ƙarƙashinsa, ya ɗaure su da kusoshi, ƙafa na miƙe kamar ta mai tsayuwa, har su zama ƙashi guda. Haɗuwar kan ɗauki kimanin wata 3, kuma shan taba na cikin manyan abubuwan da ke hana ta.

Shekara 9 ke nan da aka yi mini wannan aiki, bayan wata tsohuwar karaya ta bar mini amosanin gaɓa. Ciwon da ke hana ni barci ya tafi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, ina sanye da takalmi mai lanƙwasasshen tafi, da wuya mutum ya lura da ɗingishina.

Wahalar tana inda mai karanta bayanan likitocin Turai ba zai zata ba, domin rayuwarmu ta ƙasa ce. Tsugunno a banɗaki ya gagare ni sai diddige a ɗage. Zaman tahiya, wanda ke son a shimfiɗe bayan ƙafa a kan darduma, sai da na sake masa dabara. Kunyar gona da gangare kuwa, a hankali nake taka su.

Ɗan motsin da ya rage mini aro ne daga maƙwabta, wato gaɓar da ke saman diddige da ta tsakiyar ƙafa. Su ne ke ɗaukar nauyin da ba nasu ba, suna kuma gajiya. A 2001 likitocin Jami'ar Iowa ta Amurka suka wallafa binciken mutum 23 da aka yi wa aikin kimanin shekara 22 kafin nan. Sun tarar amosani ya fi tsanani a gaɓoɓin ƙafar da aka yi wa tiyata fiye da ɗayar, amma gwiwa ba ta nuna wannan bambanci ba.

Shi ya sa tsamin da nake ji ƙasa da idon sawu bayan doguwar tafiya ba ya ba ni mamaki. Ina kula da nauyin jikina, na kuma daina yawo ba takalmi a kan siminti.