Safar Baba

A wani ƙauye kusa da Maraɗi akwai wani tsoho manomi. Ya yi ciwon kuturta, ya sha magani a asibitin Danja, ya warke. Amma ƙafafunsa ba su jin zafi, ba su jin ƙaya. Ta hagu ta rasa yatsu uku, ta gajarce.

Da ɗari ya shigo, ɗiyarsa ta sayo masa safa a kasuwa. Ta dama ta yi daidai. Ta hagu ta yi yawa, bakinta ya naɗe cikin takalmi, ɗinkin ya yi ta gugar fata. Tsoho bai sani ba. Kwana 3 sai ga gyambo, ya kusa wata bai je garka ba.

Ɗiyar ta iya saƙar hular jarirai. Ta ce: "Baba, miƙo ƙafa." Ta auna da zare. Tsawon ta dama santimita 25, ta hagu 21. Kaurin kowace 24.

Ta fiƙe wayoyin ƙafar keke guda 5. Ta raba farin zaren auduga ƙwallo biyu daidai. Ta fara saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, ta ƙirga ido 3 a kowane santimita. Kaurin ƙafa ya ba ta ido 72. Ta rage 8, don safa ta kama ƙafa, saura 64.

Yawancin masu saƙa daga sama suke farawa, su rufe a yatsu. Ita daga yatsu ta fara. Ta ɗora ido 12 sama, 12 ƙasa. Ta yi zagaye ɗaya da ƙarin ido 4, zagaye ɗaya babu ƙari, har suka cika 64. Ga ta hagu kuwa, da ido 20 sama, 20 ƙasa ta fara, don bakin ƙafar faɗi gare shi. Babu ɗinki ko ɗaya a wurin yatsu. Kullum da marece tana zura masa safar da tsinkayen a jiki, ta gani da idonta. Da ya rage santimita 5 a kai ƙarshen ƙafa, ta juya diddige. Sauran zare duka ya tafi ga ƙwauri, ba a bar ko taƙi ba.

Ta yi kuskure guda. Ta rufe bakin safa da ƙarfi, ya bar shaida a ƙwaurin tsoho. Ta warware, ta sake rufewa sako-sako.

Maƙwabciya ta ce: "Farar safa ga mai aikin garka? Ai za ki gaji da wanki." Gaskiya ne, tana wanki. Amma fari ba ya ɓoye jini. Kowane dare tsoho ya tuɓe, sai ta kai safar gaban fitila, ta duba ciki da waje, sannan ta duba tafin ƙafa.